Ƙawancen Makarantu Tsakanin Ƙasashe: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka kawo zancen ƙulla ƙawance da wata makaranta a wata ƙasa, tambayoyin da malamai da shugabannin makarantu da iyaye suke yi kusan iri ɗaya ne. Wasu ɗoki ke sa su tambaya, wasu kuma fargaba. Ga tambayoyin yadda aka saba yin su. Amsoshin na wanda ya ga irin wannan ƙawance ya yi albarka ne, ya kuma ga wanda ya mutu murus kafin zango ɗaya ya ƙare.

Me ake nufi da ƙawancen makarantu, kuma me ake yi a cikinsa?

Makarantu biyu ne, ko fiye, a ƙasashe daban-daban, suke amincewa cewa ɗalibansu da malamansu za su riƙa yin aiki tare na wani tsawon lokaci. Aikin na iya zama musayar wasiƙu, ko bincike ɗaya da ajujuwa biyu za su yi kowa a wurinsa sannan su kwatanta abin da suka samu, ko littafin labarai da za su rubuta tare, ko ziyarar malamai don kowa ya ga yadda ɗan'uwansa ke koyarwa. Kalmar da za a riƙe a nan ita ce "tare". Idan makaranta ɗaya ce ke shiryawa, ɗayar kuma tana karɓa tana godiya, to wani abu ne daban ake yi, ko da an rataya allo mai tutoci biyu a bakin ƙofa.

Ba intanet ce ta kawo wannan ba?

A'a, ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A tsakiyar shekarun 1920, wani malamin ƙauye a kudancin Faransa, Célestin Freinet, ya sa ɗalibansa suna rubuta labarin rayuwarsu suna bugawa da ƙaramin injin ɗab'i a cikin aji, suna aika wa ajin wani malami, René Daniel, a yankin Bretagne da ke bakin teku a can yammacin Faransa. Abin da Freinet ya lura da shi har yau bai canja ba: yaron da ya san akwai wani yaro da ke jiran ya karanta rubutunsa yakan zage damtse fiye da wanda malami kaɗai zai duba masa da jan biro.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne gwamnatoci suka shigo ciki da ƙarfi, don sun ga abin da ƙiyayya tsakanin al'ummai ta jawo. A 1953 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kafa haɗakar makarantunta, ASPnet, da makarantu 33. Yau tana da dubban makarantu a ƙasashe fiye da 180. A 1963 Charles de Gaulle na Faransa da Konrad Adenauer na Jamus ta Yamma suka sa hannu kan yarjejeniyar Élysée, a shekarar kuma aka buɗe ofishin musayar matasa na ƙasashen biyu, wanda miliyoyin matasa suka bi ta hannunsa. Ƙasashe ne da suka gwabza yaƙi sau uku tsakanin 1870 da 1945, sai ga 'ya'yansu suna kwana a gidajen juna.

A 1988, yaƙin cacar baka bai ƙare ba, aka haɗa makarantu 12 na jihar New York da 12 na Mosko ta hanyar kwamfuta. Daga nan iEARN, ƙungiyar da ke haɗa ajujuwan ƙasashe daban-daban ta intanet, ta samo asali. A 2005 Tarayyar Turai ta buɗe eTwinning, dandalinta na haɗa makarantu ta intanet. Intanet dai ta rage tsada da jira, amma abin da ake nema tsoho ne.

Da gaske haɗa yara da baƙi yana rage ƙyamar juna, ko fata ne kawai?

Wannan ita ce tambayar da ta fi dacewa a tsaya a kanta, domin mutane da yawa suna ɗauka da zarar yara sun ga juna shi ke nan, ƙauna ta shiga. Ba haka abin yake ba. Haɗuwa na iya ƙara ƙarfafa mummunan zaton da ake da shi tun farko. Yaron da ya taso yana jin cewa mutanen wata ƙasa masu girman kai ne, idan a kiran bidiyo na farko ya ga suna dariya bai san dalili ba, ya samu hujja ke nan.

Masanin halayyar ɗan'adam na jami'ar Harvard, Gordon Allport, ya yi bayani a 1954 cewa cuɗanya tana rage ƙyama ne musamman idan abubuwa huɗu sun haɗu: ɓangarorin biyu su tsaya a matsayi ɗaya a cikin hulɗar, su kasance suna da buri ɗaya, su dogara da juna wajen cim masa ba gasa suke yi ba, sannan hukuma ko shugabanni su mara wa abin baya. A 2006 Thomas Pettigrew da Linda Tropp suka tattara bincike 515 da aka yi kan wannan batu suka nazarce su gaba ɗaya. Sun gano cewa a mafi yawan lokuta cuɗanya tana rage ƙyama, kuma ragin ya fi yawa inda aka tsara hulɗar bisa sharuɗɗan Allport.

A aji, ma'anar wannan a fili take. Taron "ku gabatar da kanku" na rabin sa'a bai cika sharaɗi ko ɗaya ba sai na huɗu. Amma idan aka raba yara ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙungiya da mutum uku daga nan, uku daga can, aka ba su aikin da ba zai kammalu ba sai kowa ya kawo nasa rabin, to an cika dukkan huɗun. A nan ne yaro yake daina cewa "su" ya fara kiran mutum da sunansa, har ma ya fara jin haushinsa don bai turo aikinsa a kan lokaci ba. Wannan haushin alama ce mai kyau, irin wanda ake ji ne da abokin aiki.

Ana ta cewa "ƙwarewar zama a duniya". Wace ƙwarewa ce wannan?

Kalmar tana da kumfa, amma akwai abu a ƙarƙashinta. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, OECD, mai shirya jarrabawar PISA ta 'yan shekara 15, ta auna wannan ƙwarewa a 2018, inda ƙasashe da yankuna 27 suka zauna ɓangaren gwajin. Ta fassara ta da abubuwa huɗu: iya nazarin al'amuran gida da na duniya, fahimtar yadda wasu ke kallon abu, iya hulɗa da mutanen wata al'ada cikin mutunci, da ɗaukar mataki don amfanin kowa. Muradun ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 ma sun sa irin wannan ilimi a sashe na 4.7, da burin a cim masa kafin 2030.

Idan aka sauko da shi ƙasa, ƙananan halaye ne. Yaro ya iya yin tambaya ba tare da ya ci fuska ba. Ya iya bayyana abin da ya saba da shi ga wanda bai taɓa gani ba, wanda ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Ya san shirun abokinsa na iya zama kunya ko ladabi ko ƙarancin harshe, kafin ya yanke cewa raini ne. Ya tuna cewa lokacin da yake karin kumallo wani yana shirin barci. Ya saba rubuta saƙon da za a gane ba sai an sake tambaya ba. Duk wanda ya yi aiki da mutanen ƙasashe daban-daban ya san manya nawa ne ba su iya waɗannan ba.

A ina ake samun makarantar da za a ƙulla da ita?

Akwai ƙofofi sanannu. ASPnet ana shiga ta ne ta hannun hukumar UNESCO ta ƙasarku, kuma akwai jami'in da ke kula da ita a kowace ƙasa mai ciki. iEARN tana da malamai a ƙasashe sama da 100, kuma ana iya shiga aikin da ya riga ya fara maimakon a ƙirƙiro sabo. Shirin GLOBE, wanda aka fara a 1995 da goyon bayan hukumar NASA ta Amurka, yana haɗa makarantu ta hanyar auna yanayi da ruwa da ƙasa. eTwinning ta ƙasashen da ke cikin Erasmus+ ce, shirin ilimi na Tarayyar Turai, da wasu maƙwabtansu kamar Tunisiya da Jodan da Labanan, saboda haka ba kowa ke iya shiga ba. Jamus tana da PASCH tun 2008 don makarantun da ke koyar da Jamusanci. British Council ta daɗe tana haɗa makarantun Birtaniya da na waje, sai dai shirye-shiryen tallafinta suna buɗewa suna rufewa. Connecting Classrooms through Global Learning, wanda aka gudanar daga 2018, ya riga ya ƙare. Darasin a nan shi ne kada a ɗora ƙawance kacokan kan tallafin wata hukuma.

Ƙawance da dama masu ƙarko kuwa ta hanyar mutane suka fara: tsohon ɗalibi da ke zaune a waje, malamin da ya haɗu da wani a taron ƙara wa juna sani, ko garuruwa biyu da suka riga suka ƙulla zumunci. Kuma kada ido ya tsaya kan ƙasashe masu arziki kawai. Makarantar da ke ƙasar maƙwabta, ko a wata nahiya mai irin matsalolinku, sau da yawa ta fi sauƙin tafiya da ku kafaɗa da kafaɗa.

Dole ne sai an yi tafiya?

Ba dole ba ne. Gani ya kori ji, gaskiya ne, kuma ba abin da ya kai mako guda a ajin wani tasiri a zuciyar malami. Amma tafiyar ɗalibai tana cin kuɗin jirgi da fasfo da biza da inshora, kuma 'yan kaɗan ne ke zuwa, galibi waɗanda iyayensu ke da hali. Yara goma su tafi, ɗari biyar su ji labari. Ga kuma matsalar biza: sau da yawa ɓangare ɗaya yana shiga ƙasar ɗayan cikin sauƙi, shi kuma ɗayan sai an yi ta kai da komo, ƙarshe a hana shi. Ziyarar da ke tafiya ta fuska ɗaya kullum tana koya wa yara wane ne baƙo mai zuwa kallo, wane ne abin kallo.

Idan kuɗin ziyara ɗaya kacal ake da su, ni dai shawarata malamai su fara zuwa, biyu daga kowane ɓangare, bayan an yi aƙalla shekara ana aiki tare daga nesa.

Intanet ɗinmu ba ta da ƙarfi, wutar lantarki ma sai a hankali. Mu haƙura?

Kada ku haƙura. Kiran bidiyo kai tsaye shi ne ya fi cin data, ya fi saurin yankewa, kuma abin mamaki shi ne ya fi ƙarancin amfani wajen koyo, don rabin lokacin yana tafiya ne a "kuna jin mu?" Aikin da ba sai an haɗu a lokaci ɗaya ba ya fi dacewa da kowa. Yara su rubuta da hannu, malami ya ɗauki hoton takardun da waya ya tura sau ɗaya a mako. Saƙon murya na minti biyu yana tafiya ko da layin ya yi rauni. Gidan waya ma bai mutu ba. A iEARN akwai wani tsohon aiki da ajujuwa biyu ke musayar 'yar tsana ta gidan waya, kowane yaro ya tafi da ita gida kwana ɗaya ya rubuta abin da "baƙuwar" ta gani. Ƙananan yara suna haukar son wannan.

Abu ɗaya dai: ku faɗa wa abokan ƙawancenku gaskiyar halin da kuke ciki tun ranar farko. Kunya ce ke sa a ce "ba matsala", sannan a ɓace mako uku.

Ɗaya makarantar tana da hali, ɗayar ba ta da shi. Laifi ne mai hali ya taimaka?

Taimako ba laifi ba ne, amma shi ne ramin da ƙawance ya fi faɗawa. Da zarar kuɗi ya zama jigon hulɗa, sharaɗin farko na Allport, na tsayawa a matsayi ɗaya, ya rushe. Yaran ɓangare ɗaya suna koyon tausayi daga sama, na ɗaya ɓangaren suna koyon cewa duk abin kirki daga waje yake zuwa. Malamai kuma bakinsu ya mutu, don wanda ke jiran kwamfutoci ba zai ce wa mai aikowa tsarin darasinsa bai yi ba.

Na taɓa ganin wasiƙun farko da wani aji ya rubuta wa abokansa a wata ƙasa. Kusan rabinsu sun buɗe da jaje: muna baƙin ciki ba ku da kaza, za mu tara muku kaza. Ba wanda ya tambayi yaran can wane wasa suke yi ko wane darasi suka tsana. Malamar da ta karɓi wasiƙun ta riƙe su kwana biyu a jakarta ta rasa yadda za ta raba su, don ɗalibanta ba su san su abin tausayi ba ne sai a ranar. Daga baya malaman biyu suka yi magana ta gaskiya, aka sake rubutawa, aka sa doka cewa kowace wasiƙa ta ƙunshi tambayoyi uku da abu ɗaya da marubucin bai iya ba yake so a koya masa. Amsoshin da suka dawo sun nuna yaran can kowannensu yana jin harshe biyu ko uku, abin da ya bar na nan baki buɗe, su da ke fama da na biyu.

Idan za a yi taimako, a raba shi da aikin aji. Ya bi ta hannun shugabannin makarantu ko kwamitin iyaye, a rubuce, makarantar da za ta karɓa ita ce za ta faɗi abin da take bukata. Kada a tura tsofaffin kwamfutocin da ba wanda zai iya gyarawa, ko littattafan da ba su dace da manhajar karatun wurin ba. Kuɗin tafiyar da ƙawancen kansa, kamar data da kuɗin aika saƙo, mai hali na iya ɗaukar kaso mafi girma ba tare da ya zama shi ke yanke shawara ba. A rubuta wannan ma.

Da wane aiki ya kamata a fara?

Ƙarami, mai ranar farawa da ranar gamawa, mako shida zuwa takwas, aji ɗaya a kowane ɓangare. Kuma ya zama tambaya ce da ba ɓangaren da ya san amsarta shi kaɗai.

Ga misali. Kowane aji ya kafa ma'aunin ruwan sama a fili, nesa da bishiya da rufin gini. Kullum da tsakar rana, kamar yadda tsarin GLOBE ya tanada, yara biyu su fita su duƙa har idonsu ya yi daidai da saman ruwan, su karanta milimita nawa, su rubuta, su zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifili, don sifili ma sakamako ne. Ƙarshen mako a tura wa juna. Kafin wata ya cika an samu lissafi da zanen jadawali da labarin ƙasa, sannan tambayoyi su fara zuwa da kansu: me ya sa ku kuke samun ruwa yanzu mu ba ma samu? Idan aka yi ruwa haka kuna zuwa makaranta? Ina ruwan yake tafiya? Ta wannan ƙofa ake shiga rayuwar mutane ba tare da an ce "yau za mu koyi al'adunsu" ba.

Abin da nake gudu shi ne a tsaya a tuta da tufafin biki da raye-raye. Suna da daɗi, a yi su, amma su kaɗai suna mayar da mutane kamar hoton kalanda. Ranar Talata ta yaro, daga tashinsa zuwa barcinsa, ta fi ranar biki faɗin gaskiya game da shi.

Idan ba harshe ɗaya muke ji ba fa?

Sau da yawa hakan ma ya fi. Idan ɓangarorin biyu suna amfani da harshen da ba na kowa ba ne a cikinsu, kowa yana kuskure, ba mai yi wa wani dariya. Inda harshen ɓangare ɗaya ne ake amfani da shi, sai a kula: masu harshen su rage gudu, su bar karin maganar da ba za a gane ba, su kuma koyi gaisuwa da ƙirga da 'yan jimloli a harshen abokansu. Manhajojin fassara suna taimakawa wajen gane saƙo, amma kada su zama su ke rubuta wa yaro wasiƙarsa. Hoto da zane da taswira da lambobi kuwa ba sa bukatar tafinta.

Me ya sa ake yawan kuka da batun lokaci?

Domin shi ne abin da ba a tunawa sai ya ɓata shiri. Shekarar karatu ba ɗaya ba ce a duniya. A yawancin Turai da Amurka tana farawa a Agusta ko Satumba, a Japan a Afrilu, a Afirka ta Kudu a Janairu, a Ostareliya ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu. Kuna cikin zafin aiki su suna dogon hutu. Ranakun hutun mako ma sun bambanta: a Masar da Jodan da Saudiyya Juma'a da Asabar ne. Indiya tana gaban agogon Greenwich da sa'a biyar da rabi, wannan rabin kuma ya sha rikita mutane.

Sai canjin agogo. Ƙasashen Tarayyar Turai suna tura agogonsu gaba da sa'a ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris su mayar a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Yawancin Amurka kuma Lahadi ta biyu a Maris da ta farko a Nuwamba. Ƙasashe da yawa ba sa canjawa sam. Na san ajin da ya yi shiri, yara sun zauna tsaf da takardun tambayoyinsu, aka jira shiru, ashe abokan sun zo sa'a ɗaya da ta wuce sun gaji sun tafi. Aikin farko na malaman biyu shi ne su ajiye kalandar makarantunsu gefe da gefe, su ja layi a kan makonnin da kowa yake aji ba ya jarrabawa. Sukan tarar makonnin ba su kai yadda suke zato ba.

Manhajar karatu ta riga ta cika, ga jarrabawa. Ina za a sa wannan?

A cikin darasin da za a koyar dama. Rubutun wasiƙa yana cikin darasin harshe, jadawali yana cikin lissafi, yanayi yana cikin labarin ƙasa. Ƙawancen da aka mayar kulob na bayan tashi yakan rayu ne a kan gajiyar malami ɗaya, kuma gajiya tana da iyaka.

Ni uba ne. Ba za a canja wa ɗana tarbiyya ko addini ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma iyayen ɗaya ɓangaren ma suna yin irinta game da ɗanka. Haƙƙinka ne ka san wace makaranta ce, wane aiki za a yi, wa ke karanta saƙonnin, kuma ka ga samfurinsu idan ka nema. Ƙawancen kirki yana da doka a rubuce cewa ba wa'azi, ba tallar siyasa, kowa yana bayyana nasa ne idan an tambaye shi, ba ya kushe na wani.

Abin da malamai suka fi gani shi ne yaro yana dawowa gida da tambayoyi game da nasa. An tambaye shi me ya sa kuke yin kaza, ya ga bai sani ba, sai ya zo wurinka. Fahimtar yadda wani yake rayuwa ba ta nufin an yarda da duk abin da yake yi. Za a ci karo da abubuwan da ba a yarda da su ba, ta kowane ɓangare, kuma gara yaro ya fara cin karo da su da malami a gefensa da ya ci karo da su shi kaɗai a waya da tsakar dare.

Yaya ake kare yaran?

Duk saƙo ya bi ta hannun malamai ko ta dandalin da malamai ke gani. Ba musayar lambar waya ko adireshin gida ko shafin sada zumunta tsakanin yara a ƙarƙashin sunan makaranta. Sunan farko ya isa. Hoto ko bidiyon da fuskar yaro ta fito sai da izinin iyaye a rubuce, kuma izinin aika wa abokan ƙawance daban yake da izinin sakawa a Facebook. Makarantun Tarayyar Turai suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta GDPR tun Mayun 2018, saboda haka idan suka ƙi turo hoton aji, ko suka cika ku da takardun sa hannu, ba wulaƙanci ba ne. Yawancin shafukan sada zumunta ma ba su yarda da wanda bai kai shekara 13 ba.

Idan ziyara ta taso, a tantance gidajen da za su sauki yara, kada babba ya keɓe da yaro shi kaɗai, kuma kowane yaro ya san wanda zai kira idan wani abu ya dame shi. Kowace makaranta ta ba da sunan mutum ɗaya da ke da alhakin wannan.

Me ya fi kashe ƙawance?

Tafiyar mutum ɗaya. Malama mai himma ta ƙulla, ta riƙe kalmar sirri da lambobin waya da komai a kanta, sai a yi mata canjin wurin aiki, shi ke nan an shafe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: a sa aƙalla malamai biyu ko uku a kowane ɓangare, shugaban makaranta yana sane, a yi amfani da imel na makaranta.

Na biyu shi ne shiru. Saƙo ya tafi ba amsa, mai aikawa ya ɗauka an raina shi, alhali can jarrabawa ake ko an yi rashi. A yi alkawarin cewa ko ba a shirya amsa ba za a ce "mun gani" cikin mako guda. Na uku, buri mai yawa a shekarar farko.

Takardar yarjejeniya tana maganin yawancin waɗannan, in dai tare aka rubuta ta. Shafi ɗaya ko biyu ya isa: me kowa yake so ya samu, wa zai yi me, sau nawa za a yi magana, wa zai biya me, yaya za a yi idan an saɓa, yaushe za a zauna a duba. Idan ɓangare ɗaya ya rubuto ya ce a sa hannu kawai, a mayar masa da gyara ko da na layi biyu ne, don a ga yadda zai karɓa.

Ta yaya za mu san ya yi amfani?

Yawan hotuna da takardun yabo ba sa nuna komai. Hanya mai sauƙi ita ce, kafin a fara, kowane yaro ya rubuta abu biyar da yake zato game da ƙasar abokansa da tambayoyi uku da yake son yi, malami ya ajiye. A ƙarshen shekara a sake, a ba shi ta farkon ya kwatanta. Abin da ake dubawa shi ne ko "dukansu" ta koma "wasunsu", ko tambayoyin sun tashi daga "kuna da mota?" zuwa "me ya sa?", ko yaro ya iya faɗin abu ɗaya da ya yi zato ya gano ba haka ba ne. A tambayi malamai su ma wane abu ɗaya suka canja a koyarwarsu. Sannan a yi wa ɗaya makarantar tambayoyin nan daidai wa daida, a haɗa amsoshin wuri ɗaya. Idan ɓangare ɗaya ne kaɗai ke da abin faɗa, a koma kan takardar yarjejeniya.

Idan abin ya ƙi tafiya, za mu iya janyewa?

Ƙwarai. Shi ya sa ake sa wa yarjejeniya wa'adi, shekara biyu ko uku, sannan a sabunta ko a rufe. Abin da bai dace ba shi ne a sulale a ɓace, don akwai yara a can da suka rubuta wasiƙa suna jiran amsa. Shugaban makaranta ya rubuta wa takwaransa ya faɗi dalili, a kammala aikin da ke hannu, a mayar da duk kuɗin da ba a kashe ba, a goge hotuna da bayanan yaran da aka ajiye, kowane aji kuma ya aika wa ɗayan wasiƙar ban kwana kafin a tafi hutu.